Yadda za ka gyara siginar a-kori-kura da hannunka

Duk wanda ya taɓa ɗauko buhunan masara daga Dawanau ya biyo titin Katsina da la'asar sakaliya ya san darajar sigina. Kana dosar Kurna, 'yan adaidaita sahu sun sa ka a tsakiya, mai babur yana gogar madubinka, kai kuma kana son karya kwana da mota mai nauyi. Idan ƙwan baya bai kifta ba, na bayanka ba duba yake yi ba, sai dai ka ji "gau" a gefen bodi. In Allah ya tsare ka daga wannan, ga 'yan KAROTA, jami'an kula da zirga-zirgar motoci na Kano, can gaba, kuma fitilar da ba ta aiki laifi ce da ba ka da bakin kare kanka a kai.

Wata damina tsohuwar Hilux ɗina ta yi mini wannan wasan. In na ba da siginar dama, sai fitilar birki ta riƙa tayawa, in na taka birki kuma siginar ta ɗauke gaba ɗaya. Na kai ta wajen wani mai rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Ko zagayawa bayan motar bai yi ba ya ce, "Alhaji, filasha ce." Aka canja. Kwana uku abin ya dawo. Ya ce, "To ranka ya daɗe, sandar sigina ce, sai an sayo." Aka sayo, aka ɗaura, abu yana nan jiya i yau. Ran nan ni da yaron motata muka kwance fitilar baya a ƙofar gida, muka tarar da notin da wayar nagatif, wato wayar da wuta ke bi ta koma batir, ke ɗaure a kai ya yi jajir da tsatsa. Guntun sanfefa ne ya gama aikin. Tun daga nan na gane cewa sigina in ta lalace, yadda take kiftawa shi ke nuna inda ciwon yake. Wanda ya tsaya ya duba wannan kafin ya ɗauki sifana ya gama rabin gyaran.

Wutar sigina hanya ɗaya take bi. Ta fito daga batir, ta ratsa fiyus, ta shiga filasha, wato ɗan akwatin da ke yanke ta yana mayarwa, shi ne mai "ƙis-ƙis" ɗin da kake ji a ƙarƙashin sitiyari. Sandar sigina ta zaɓa mata hagu ko dama, ta tafi ƙwan gaba da na baya da ƙaramin na gefe. Daga ƙwai kuma dole ta koma batir, kuma ta jikin ƙarfen motar take komawa. Wannan komawar ita ce mutane ke mantawa da ita, kuma a motar kaya nan ne aka fi samun matsala.

Kayan aikin ba su da yawa: sukudireba mai baki ɗaya da mai baki huɗu, sifana lamba 10, filaya, sanfefa, salatif na lantarki, ɗan giris, waya mai tsawon da zai kai daga batir zuwa bayan mota, da fitilar gwaji. Fitilar gwajin in ba ka da ita, haɗa ta ba wuya: ƙaramin ƙwan mota mai wat 5 cikin soket ɗinsa, da waya biyu. Kafin ka yarda da ita, taɓa wayoyin a kan batir ka ga ta kama. In kana da mitar auna wuta, madalla. Ka kuma nemi wanda zai tsaya maka a waje yana kallon fitilu. In babu kowa, ka juya bayan motar ga bango bayan magariba, za ka ga hasken a madubi.

Tsaya ka karanta alamar tukuna

Ja birkin hannu, murɗa makulli har fitilun das-bod su kama, ba sai ka tayar da inji ba. Ba da hagu, a duba gaba da baya da gefe. Ba da dama, a sake dubawa. Sai ka danna jan maɓallin nan mai alamar kusurwa uku, wanda direbobi ke kira hazad. Daga nan kuma ka kunna ƙananan fitilu, ka taka birki, ka sake ba da sigina kana riƙe da birkin. Wannan na ƙarshen kada ka tsallake shi.

Lafiyayyar sigina tana kiftawa tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti, yawanci wajen 90. In gefe ɗaya ya koma kiftawa da sauri kamar ana kora shi, to ƙwai ɗaya a wannan gefen ya mutu ko ba ya samun wuta. Da gangan aka yi filashar haka don ta sanar da direba. A tsofaffin motoci irin Peugeot 404 da 504, waɗanda filasharsu zafi ne ke sa ta aiki, alamar takan juye: maimakon sauri, sai fitilar ta tsaya cak a kunne.

In hagu da dama duk sun mutu amma hazad na kunna duka huɗun, ka huta da zargin ƙwayaye da wayoyin da ke kai musu wuta, lafiyarsu lau. Abin dubawa shi ne fiyus ɗin da ke samun wuta bayan an murɗa makulli, sai maɓallin hazad ɗin kansa, sai sandar. In sigina da hazad duk shiru, ko "ƙis" babu, to fiyus ne ko filasha. In gefe ɗaya ne ya mutu gaba da baya har da kibiyar das-bod, amma hazad na kunna shi, sandar sigina ce babbar abar zargi. In fitilun sun kama amma ba sa kiftawa a kowane gefe, filasha ta maƙale. In kuwa ka ba da sigina ka ga fitilar birki ko ƙaramar fitila na kiftawa tare da ita, dishi-dishi, ko birki na kashe ta, kada ka sayi komai, nagatif ne.

Ƙwai da mazauninsa

Kashe makulli. A yawancin a-kori-kura irin Hilux da L200, in ka sauke ƙofar bodi za ka ga noti biyu a gefen fitilar baya daga ciki. Kwance su, ka jawo fitilar a hankali, domin akwai 'yan ƙafafun roba da ke riƙe da ɗaya gefen, kuma robar da ta sha ranar Kano ta Afrilu shekara da shekaru ba ta da wuyar karyewa. Na gaba kuwa, a wasu motocin ta cikin bonet ake kaiwa gare shi, a tsofaffi masu sigina a jikin bamba kuma sukuru biyu ne a kan gilashin. Kama soket ɗin ka murɗa hagu kaɗan, zai fito. Ƙwan mai gindin ƙarfe danna shi ake yi ciki, a murɗa hagu, a zaro. Mai gindin gilashi ko roba zaro shi kawai ake yi.

Ɗaga shi ka kalli haske. In siririn zaren ciki ya tsinke, ko gilashin ya yi baƙi, ko ya yi fari kamar hayaƙi, ya gama yayi. Amma ido na yaudara, zare kan tsinke ya kuma riƙa taɓa juna. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ciro na ɗaya gefen da ka san yana aiki ka saka a nan. In ya kama, ka san abin da za ka saya.

Ka tafi da tsohon ƙwan a aljihu, ko Ƙofar Ruwa za ka, ko Sabon Gari, ko shagon unguwa. A jikin gindinsa akwai rubutu, yawanci 12V 21W, wato bolt 12, wat 21. Na gefe ƙarami wat 5 ne. Abu uku ke sa mutum ya dawo gida da ƙwan da ba nasa ba. Na farko, ƙwan 24V na manyan motoci. Kamarsu ɗaya, zai kuma shiga soket ɗinka, amma haskensa kamar na aci-balbal, filasha kuma za ta ci gaba da sauri kamar ba ka canja komai ba. Na biyu, kunnuwan da ke gindin. Farin ƙwai mai lamba P21W kunnuwansa biyu suna kallon juna daidai, amma mai ruwan goro, PY21W, an karkatar da nasa don kada a musanya su. In ka ji yana ƙin shiga, ba ƙarfi yake so ba. Na uku, mai zare biyu, P21/5W, wanda na birki ne da ƙaramar fitila, gindinsa ɗigo biyu. In aka cusa mai ɗigo ɗaya a mazaunin mai biyu, sai ya haɗe layuka biyu, ka ga abin mamaki: ka taka birki fitilun das-bod su kama. Kuma in gilashin fitilarka fari ne, dole ƙwan ya zama mai ruwan goro. Farar sigina a baya, na bayanka zai ɗauka ribas ka sa.

In ƙwan lafiya lau ne, leƙa cikin soket. Motar da ke shiga ruwan Agusta, ta sha ƙurar hunturu, sannan masu wanki su feshe ta da injin ruwa, soket ɗinta kan yi kore ko fari kamar gishiri. Naɗe sanfefa a bakin sukudireba ka goge har ƙarfen ya yi ƙyalli. Ɗan harshen da ke can ƙasa, wanda ke taɓa gindin ƙwai, yakan kwanta saboda zafi. Ɗago shi kaɗan da bakin sukudireba, makulli a kashe. In robar soket ɗin ta narke ko ta ƙone, kada ka wahalar da kanka, sayo wani ka dasa. Sai ka murɗa makulli, ka ba da sigina, ka maƙala waya ɗaya ta fitilar gwaji a ƙarfe mai tsabta, ɗayar ka taɓa harshen. In ta kifta, wuta na zuwa, saura komawa. In ba ta kifta ba, wayar ta yanke a hanya. Kafin ka mayar da fitilar, duba robar da ke zagaye da ita da kuma gilashin. In ya tsage ruwa na taruwa a ciki, sabon ƙwai ma ba zai ga ƙarshen damina ba.

Wanda ƙwayayensa ke yawan mutuwa, yau na gaba gobe na baya, ya sa mita a kan batir inji na aiki. Daidai shi ne wajen bolt 13.8 zuwa 14.5. In ya haura 15, altaneta mai cajin batir ce ke dafa su, ba laifin mai shago ba ne.

Fiyus

Akwatin fiyus yawanci biyu ne, ɗaya a ƙarƙashin das-bod ta gefen direba, ɗaya cikin bonet kusa da batir. A bayan murfin akwai zane. Nemi mai rubutun TURN, ko HAZ, ko TURN-HAZ, a wasu Toyota kuma HAZ-HORN, wanda ya haɗa hazad da oda. Wannan ma alama ce: in odarka ta mutu rana ɗaya da hazad, ka san inda za ka dosa. Ba sai ka zare su ɗaya bayan ɗaya ba. A saman kowane fiyus akwai ɗigon ƙarfe biyu. Makulli a kunne, taɓa kowanne da fitilar gwaji. Duka biyun su kama, lafiya. Ɗaya ya kama ɗaya ya ƙi, ya ƙone.

Launinsa shi ne ƙarfinsa: ruwan ƙasa 7.5, ja 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Abin da ka cire shi za ka mayar. Gefe ɗaya na sigina, ƙwai biyu masu wat 21 da ɗaya mai wat 5, wat 47 ke nan, bai kai amfiya 4 ba. To in fiyus mai 10 ya ƙone a kan wannan, ba ƙanƙanta ya yi ba, wata waya ce ta taɓa bodi. Masu naɗa siririyar waya ko takardar kwalin sigari a madadin fiyus, ko su cusa kore inda ja yake, gyaran gangar Auzinawa suke yi. Fiyus ɗin dai ba zai sake ƙonewa ba, damin wayoyin da ke bayan das-bod ne zai ƙone a madadinsa.

In sabon ya sake ƙonewa, lura da lokacin. Da ka ba da hagu ne, ko dama? Ka rage rabin mota ke nan. Sai ka shiga ƙarƙashi ka nemo mahaɗar damin wayoyin da ke tafiya baya, ka zare ta, ka sa wani fiyus ka sake gwadawa. In bai ƙone ba, laifin yana baya. A can ma ya fi zama, domin bodin a-kori-kura daban yake da kan motar, wayoyin kuma a jikin casis, wato ƙarfen ƙarƙashi da ke ɗauke da motar, suke bi a fili, ga tsakuwa ga taɓo. Bi su da hannu taku-taku. Duba inda suka ratsa ramin ƙarfe babu roba, da inda suka kusanci salansa, da inda mai walda ya taɓa aiki lokacin da aka ɗora wa motar keji ko aka ƙara mata bamba. Mai ɗaukar hatsi kuma ya duba aikin ɓera, domin motar da ke kwana da ragowar dawa a bodi tana da baƙi da dare. In ka sami wurin, yanke ruɓaɓɓen, ka haɗa da waya mai kauri ɗaya da ita, ka like da dalma in da hali, ka naɗe da salatif sosai, ka ɗaure ta nesa da abin da ya ci ta. Murɗa waya biyu da yatsa a bar su haka, watanni kaɗan ne za ka dawo wurin.

Nagatif, inda aka fi shan wahala a banza

Fitilar baya ƙwai uku ko huɗu ne a gida ɗaya: sigina, birki da ƙaramar fitila, da ribas. Kowanne da wayar da ke kawo masa wuta, amma hanyar komawarsu ɗaya ce, waya guda da aka ɗaure a ƙarfen mota. In wannan ta yi tsatsa ko ta saki, wutar sigina ba ta haƙura. Sai ta nemi wata ƙofa, ta bi ta zaren ƙwan birki a juye, ta zagaya ta ɗaya gefen motar ta fita. Shi ya sa kake ganin fitilu uku na kiftawa tare, kowacce ba ƙarfi. Da ka taka birki kuma, layin birki ya cika da tasa wutar, ƙofar da siginar ke satar fita ta rufe, sai ta ɗauke ɗif. Mutum ya ga haka sai ya ce motar ta rikice, alhali noti ɗaya ne.

Tabbatar da shi minti biyu ne. Ɗauki doguwar wayar nan, ɗaura baki ɗaya a kan batir mai alamar ragi, ɗaya bakin ka taɓa shi a jikin ƙarfen gindin ƙwan, ko a wayar nagatif ta soket ɗin, sigina na aiki. Ka yi hattara kada ka taɓa harshen da ke kawo wuta, fiyus zai tafi. In nan take komai ya daidaita, haske ya ƙaru, birki ya daina tayawa, ka kama ɓarawon. A Toyota da yawa wayar nagatif fara ce mai baƙin layi, siginar hagu koriya mai baƙin layi, ta dama kuma koriya mai layi ruwan ɗorawa. Amma motar da ta ratsa hannun masu rewaya biyar, launin waya ba shaida ba ne, fitilar gwaji ce shaida.

Bi wayar har inda aka ɗaure ta. Kwance notin, goge kan wayar da wurin zamanta da sanfefa har farin ƙarfe ya fito, ba fenti ba tsatsa. Ɗaure tam, sannan ka shafe saman da giris don ruwa. Girisin bayan ɗaurewa ne, ba kafin ba. In wayar ta ruɓe ciki, ka fere ta ka ga jan ƙarfen ya koma baƙi, yanke har inda ya yi kyau, ko ka ja sabuwa. Ni shawarata ga mai a-kori-kura, ya ja sabuwar wayar nagatif daga fitilar zuwa casis kai tsaye. Bodin kaya a kan roba da tsofaffin notuna yake zaune, in an yi masa sabon fenti ko an sauke shi an mayar, ba lallai ya riƙa haɗuwa da casis yadda ya kamata ba. Mai mita yana iya aunawa: tsakanin nagatif na fitilar da kan batir mai ragi, fitila a kunne, bai kamata ya wuce bolt 0.2 ba. Ka auna da birki a take maimakon sigina, domin lambobin mita ba sa tsayawa a kan wuta mai kiftawa, hanyar komawar kuma ɗaya ce.

Filasha, maɓallin hazad da sanda

Sai ka wanke waɗancan kafin ka zo nan. In filashar na ƙara, kunna ta ka bi sautin da hannu a ƙarƙashin das-bod, za ka ji tana bugawa a yatsanka. Tsohuwar mai ƙafa biyu ko uku ce. A jikinta za ka ga B da L da E, ko 49 da 49a da 31: ta farko wuta ce ke shiga, ta biyu mai fita zuwa fitilu, ta uku nagatif. Zare ta, makulli a kunne, ka gwada ramin B da fitilar gwaji. In babu wuta, ba laifinta ba ne, koma baya wajen fiyus da maɓallin hazad. In akwai, haɗa B da L da guntuwar waya, ka ba da sigina. Fitilun gefen su kama su tsaya, to komai lafiya sai ita, sayo irinta. Toyota da yawa na shekarun 2000 zuwa sama mai ƙafa takwas suke amfani da ita. Wannan kada ka yi mata haɗin waya da ka. Ka ari ta wata mota irin taka ka gwada. Sababbin motoci kuma wasunsu ba su da filasha daban, kwamfutar mota ce ke aikin, ƙarar ma daga das-bod take fitowa. In taka irin wannan ce kuma ƙwai da fiyus da nagatif duk lafiya, aikin ya wuce na ƙofar gida.

Maɓallin hazad abu ne da ba a cika zargi ba. A motoci da yawa wutar sigina ta cikinsa take ratsawa ko da a kashe yake. In ƙura ta cika shi, ko ya maƙale tsakanin kunne da kashe, sigina ta mutu. Danna shi da ɗan ƙarfi sau goma sha, kunna kashe, ka sake gwadawa. Sau da yawa nan take take dawowa. Direbobinmu masu kunna shi a kowace mararraba wai don a san miƙewa za su yi, ko ba komai nasu ba ya tsatsa, sai dai na bayansu ba ya sanin inda suka nufa.

Sandar sigina ita ce ta ƙarshe. Alamarta, sai ka riƙe ta da hannu ko ka ɗan girgiza ta take kamawa. Kafin ka taɓa murfin wuyan sitiyari, cire kan batir mai ragi. In motar na da jakar iska a sitiyari, wato wadda ke kumburowa ta kare direba in an yi haɗari, jira aƙalla daƙiƙa 90, kuma duk waya ko mahaɗa mai launin ruwan ɗorawa a wurin kada fitilar gwajinka ta kusance ta. Sukuru biyu ko uku ne ke riƙe da murfin. A wasu motocin sandar na zarewa ta gefe, a wasu sai an cire sitiyari. In sai an cire ne kuma da jakar iska, ni dai ba na yi da kaina. Wadda ta fito, in an buɗe ta za ka ga 'yan faranten jan ƙarfe da tsohon giris ya daskare a kai da ƙura. Goge su, shafa sabo kaɗan. Ka yi aikin a kan tire ko farin ƙyalle, domin akwai ɗan sifirin da ƙwallon ƙarfe da in suka yi tsalle cikin yashi sai dai haƙuri. In kuma siginar na aiki amma ba ta komawa da kanta bayan kwana, ba wuta ba ce, ɗan haƙorin roba ne ya karye a ciki.

Masu Hijet da sauran motocin da suka shigo da sitiyari a dama aka juya musu, tunda tun 1972 hannun dama muke bi a Najeriya, su fara da duba ƙarin wayoyin da aka yi a bayan das-bod lokacin juyin. Galibi a waɗannan ƙulle-ƙullen matsalar take, ba a sandar ba.

Wanda ya sa ƙwan LED ya ga sigina na gudu, ba abin da ya lalace. LED ba ya jan wuta kamar mai zare, sai filashar ta ɗauka ƙwai ya mutu. Ko ka sa filashar da aka yi don LED mai ƙafafu irin na taka, ko ka haɗa rizista, ɗan abin da ke jan wuta a madadin ƙwai mai zare, mai om 6, wat 50, tsakanin wayar sigina da nagatif a kowane ƙwai. Rizistar tana zafi ƙwarai, a jikin ƙarfe ake ɗaure ta, nesa da roba da waya. Ka kuma sani daga ranar motar ta daina gaya maka in ƙwai ya mutu, sai ka riƙa zagayawa da kanka. In sabon LED ya ƙi kamawa sam, zare shi ka juya shi, wasunsu fuska ɗaya suke karɓar wuta.

In duk ka bi waɗannan abin ya gagara, to ka je wajen mai rewaya da bayani a bakinka: gefe kaza ne, hazad na yi ko ba ya yi, fiyus kaza na gwada, wuta na zuwa soket ko ba ta zuwa. Kada ka bari ya fara da yanke dami yana jan sabuwar waya ta saman tsohuwa. In ya ce filasha ce ko sanda, ka ce, "Oga, a gwada a gabana tukuna." In an canja, ka karɓi tsohuwar ka jefa a aljihun mota. Filashata da aka ce ta mutu a waccan daminar, ita ce yanzu a motar ƙanena.